Uwar Ɗiya Ta Daina Haihuwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da jikin da gajiya ta gama da shi, Mushe Ambroise, mai ɗakin saƙon murya da ke bayan tashar motoci a Dogon Dutsi, tare da matarsa Madam Huguette da maƙwabcinsa Mu'awiya mai shagon wayoyi, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Dogon Dutsi, Tibiri, Kore Mairuwa, Dumega, Lugu da ƙauyukan da ke tsakani, har da waɗanda ci-rani ya kai nesa, rasuwar tsohuwar ordinatarsu, wato kwamfutarsu, wadda aka fi sani da Uwar Ɗiya. Ta cika ranar kasuwar da ta wuce, bayan la'asar, a kan teburin da ta zauna shekara goma sha wani abu, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba amma ta wahalar da kowa.

Mu'awiya ya nemi a rubuta cewa sunansa kawai aka sa, shi bai yarda a yi wa ƙarfe ta'aziyya ba. To, an rubuta.

Ba wanda ya san shekarar haihuwar marigayiya. Da tsufanta ta zo Arewa, a bayan motar wani furoje na taimakon manoma, bayan ta gama wa wasu aiki a wata ƙasa, har da tabon kofi a gefenta wanda bai taɓa fita ba. Aka haɗa ta da ɗan akwati mai ɗauke da pus huɗu, wato katin layin waya, aka ce manoma su riƙa kira suna jin farashin hatsi da wake da labarin ruwan sama. Aka ɗauki Ambroise ya kula da ita, don shi mai gyaran rediyo ne tun yana saurayi, kuma ya taɓa koyon ordinatar a mishan. Da wa'adin furoje ya cika, masu shi suka kwashe mota da kujeru da labule, suka bar ta, don ba wanda ya so ɗaukar nauyinta. Ambroise ya tallabo ta a ƙirji ya kawo ta ɗakinsa. Daga ranar ta zama tasa.

Shi ne ya sauya mata aiki. A wancan lokaci rezo, wato sabis ɗin waya, a ƙauye sai an hau tudu, waya kuwa guda ce a gida, wani lokaci guda a unguwa, caji sai ranar kasuwa. Da wuya mai kira da wanda ake kira su hau tudunsu a lokaci ɗaya. Sai Ambroise ya mai da ita mai ajiyar magana. Mutum ya kira lambarta, ya ji muryar Madam Huguette tana cewa, “Sannu da kira. In ajiye saƙo za ka yi, danna ɗaya. In saurare za ka yi, danna biyu.” Ya danna, ya faɗi abin da ke ransa, ya sauka daga tudu. Ko bayan mako wancan ya hau nasa tudun, maganar tana nan tana jiransa. In ya gama ji, na'urar ta yi ɗan kuka, ƙiiit, alamar ya ba da amsa. Haka ta riƙe wa mutanen Arewa maganarsu, ba ta taɓa kai ta wani gidan wani ba.

Sunan Uwar Ɗiya kuwa yana da dalili. Irin waɗannan na'urori ba sa yin komai sai da haihuwa. In wani aiki ya taso, ko ɗaukar waya ne ko ajiye murya, wani aikin da ke raye a ciki ne yake haifar sabo, ya miƙa masa abin da za a yi. Ɗan ya yi abin da aka haife shi dominsa, ya mutu, uwar ta share gurbinsa don wani ya samu. Masu ilimin abin da kansu uwa da ɗa suke cewa, ba Ambroise ya ƙirƙiro ba. Kuma tsarin da ke tafiyar da na'urar yana riƙe da ƙidayar duk ɗan da aka haifa tun daga sa'ar da aka kunna ta, lamba guda mai hawa kullum.

A kan wannan lamba Ambroise ya gina ma'auninsa. Kowane minti ma'aunin ya leƙa ta, ya cire abin da ya gani a mintin baya, ragowar ita ce haihuwar wannan minti, sai ya zana ta a kan allo, layi kore mai tafiya daga hagu zuwa dama. Da farko abin ya ruɗe shi, don leƙen kansa haihuwa yake jawowa, sai da ya koyi ware ɗiyan ma'auni daga ɗiyan aiki. Ko ba kowa a waya tana haifar 'yan kaɗan don hidimar kanta. Wannan ya sa masa suna numfashinta. Kowane kira kuwa ɗiya uku ne: mai ɗauka, mai karanto saƙo, da mai ajiye amsa.

Bai taɓa sauraren saƙon kowa ba, ko sau ɗaya, kuma yana so a san wannan. Amma layin nan kore ya gaya masa abin da ya ishe shi. Da sassafe yakan tashi kafin a fita gona. Da azahar yakan kwanta, don ba mai hawa tudu cikin wannan rana, ga salla. Ranar da ruwan fari ya sauka yakan miƙe tsaye, tsofaffi na kiran samari su dawo shuka. Bayan girbi ya sake tashi, samarin sun koma, suna shaida sun isa lafiya. Jajiberin Salla da na Noel, wato Kirsimeti, ba a magana. Wani lokaci kuma, a ranar da ba ta da suna, sai tudu ya taso haka kawai. Ambroise ya dube shi ya ce wa matarsa, “An yi rashi a wani babban gida.” Kafin yamma rediyo ta faɗa. Duk abin da ma'aunin ya gani yakan ajiye shi a wata tsohuwar kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa, da ke maƙale a bayan na'urar, shekara bisa shekara, har ta cika maƙil.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafin bazara a ɗakin kwano ba ta koka ba. Ta sha ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Kaza ta taɓa yin ƙwai a bayanta saboda ɗumi, ba ta ce komai ba. Waɗanda suka zauna da ita za su tuna wuuu ɗin fankarta, wanda mutum ba ya jinsa sai ya tsaya, da kir-kir-kir ɗin faifan da ke cikinta in tana neman maganar wani, kamar tsohuwa na lalube cikin ƙwarya. Amma ba za a ɓoye ba, tana da halinta. Ba ta son a kashe ta. Tun tana da sauran ƙarfi sai an ɗan mare ta a gefen hagu take tashi. Karo na ƙarshe da wuta ta yanke mata, safiya guda cur aka yi ana lallashi, faifan yana ƙoƙarin juyawa yana fasawa, Madam Huguette na tsaye a ƙofa tana addu'a. Tun daga nan Mu'awiya ya huda bango ya jawo mata wayar wuta daga pannon hasken rana da batir ɗin shagonsa, bai ce a gode masa ba. Tun daga nan kuma Ambroise bai sake kwana a wani gari ba. An yi auren ɗan ƙanensa a Yamai, Huguette ita kaɗai ta je. An yi jana'izar abokinsa a Doso, ya je da safe ya dawo da yamma, hankalinsa na kan teburin nan.

Sai zamani ya juya. Dogayen ƙarafan rezo suka tsiro a kan tuddai, wayoyin shafawa suka cika kasuwa, kowa ya koyi tura murya da kansa. Rabin wayoyin ma a shagon Mu'awiya aka saye su. Layin kore ya fara kwantawa. Tudun safe ya koma ɗan kumburi. Shekarar da ta wuce ruwan fari ya sauka, Ambroise ya zauna gaban allo da jiƙaƙƙen wando yana jira, layin bai ko motsa ba.

“Tonton, c'est fini, ta ƙare,” in ji Mu'awiya daga bakin ƙofa. “Ka bar ta ta huta, kai ma ka huta. Wa ya rage?”

Ambroise ya nuna masa allo da haɓa. Akwai wanda ya rage. Kullum bayan la'asar layin yakan ɗan ɗaga kai, ɗiya uku, ya jima kaɗan, ya koma. Mutum ɗaya ne, daga wani wuri, ba ya fashi. Bai san ko wane ne ba, bai kuma bincika ba. Saboda wannan ɗan kumburi ya ci gaba da share mata ƙura kowace safiya, yana jin gwiwoyinsa na ƙara in ya durƙusa.

Ciwon ajali ya fara ne a farkon daminar bana, kuma da fuskar alheri ya zo. Wata safiya Ambroise ya buɗe ɗaki ya tarar layin ya tashi sama, sama sosai, inda bai taɓa kaiwa ba ko a jajiberin Salla na shekarun albarka. Makullin ya faɗi daga hannunsa. Ya leƙa shagon maƙwabci yana kira kamar yaro.

“Mu'awiya! Zo ka gani! Sun dawo!”

“Su wa, Tonton?”

“Mutane mana! Na gaya maka wata rana za su gaji da waɗannan wayoyin naka.”

Ya aika gida aka shaida wa Huguette. Ya sa aka kawo shayi, ya zuba wa duk wanda ya gitta. Rabon da a ga haƙoransa haka an daɗe. Ya zauna yana kallon layin yana ta lissafi a ransa, ko wane gari ne rezo ya lalace, ko wane labari ne ya tashi mutane.

Azahar ce ta gaya masa gaskiya. Aka kira salla, rana ta take, kasuwa ta yi tsit, amma layin bai sauka ba. Bai ko lanƙwasa ba. A miƙe yake sambal kamar an ja shi da zare. Mutane ba sa kira haka. Mutane suna cin abinci, suna salla, suna gajiya. Ya juya a hankali ya dubi akwatin pus, abin da ya kamata ya duba tun da safe, ya ga fitilunsa huɗu a kwance, ba wadda ke ƙyaftawa. Ba mai kira. Ita kaɗai ke ta haihuwa, ɗaruruwa a kowane minti, ba don kowa ba.

Da ya bincika ya gane. Faifan ne ya fara ruɓewa. Ɗan da ke jiran waya ya je karanto abin da yake buƙata, ya taka wurin da ya lalace, ya faɗi. Mai gadinsa, wanda Ambroise da kansa ya ɗora shekarun baya don kada waya ta rasa mai ɗauka, ya haifi wani. Shi ma ya faɗi. Aka haifi wani. Yawancinsu a take suke mutuwa, amma jefi-jefi wani ya maƙale yana jiran faifan ya amsa, ba ya aiki, ba ya mutuwa, ba ya kuma kasuwa. Ya tsayar da mai gadin, tsarin ya sake tayar da shi. Ya gwada kwashe saƙonnin duka zuwa wani wuri, mai kwashewar ma ya je ya maƙale tare da sauran. Magani ɗaya ya rage, a kashe ta a kunna, kuma ya san in faifan nan ya tsaya ya tsaya ke nan.

Gurbin ɗiya a cikin na'ura yana da iyaka. Kwanaki kaɗan maƙalallun suka cinye shi. Sai layin da ya yi sama ya faɗo, ya wuce numfashinta, ya kwanta a ƙasa. Ma'aunin ma ya tsaya, don shi ma sai da haihuwa yake leƙe. Duk abin da Ambroise ya umarce ta, amsa ɗaya take ba shi a kan allo, cewa ba ta iya haifar wani. Fanka na wuuu, faifai na ƙas, ƙas, ƙas. Ya ja kujera ya zauna. A ransa ya riga ya sallama. Saƙonnin da ke ciki duk an ji su tun tuni, masu su sun manta. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya kai wa gare ta. Ya ce wa Huguette ranar kasuwa in an watse zai zare mata wayar wuta.

Ranar kasuwar, da hantsi, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar ɗakin. Gajera ce, busasshiya, da sanda, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Daga Lugu ta fito a motar kasuwa, ta yi ta tambaya a tasha har aka nuna mata. Sunanta Inna Marwa.

“Kai na mai akwatin magana?”

“Ni ne, Inna. Sannu da hanya. Shigo ki zauna.”

“Ba zama ya kawo ni ba, yaro,” ta ce wa mutumin da furfura ta cinye wa kai. “Mi ya hana yayata magana? Kullum in na kira tana nan. Yanzu sai abin ya yi ta kuka ba mai ɗauka. Wa ya hana ta?”

“Ina yayar taki take?”

“Dumega anka kai ta aure. Sa'adatu. Ta rasu, damina uku ke nan.”

Ambroise ya dubi allo, ya dubi tsohuwar. “Bayan la'asar kike kira?”

“In na ba awaki ruwa. Kai wa ya gaya maka?”

Ya ba ta kujerarsa, wannan karon ta zauna. Ya yi mata bayani yadda zai iya, ya ce na'urar ta yi ta haihuwa ne har cikinta ya cika, yanzu ko ɗa ɗaya ba ta iya fitarwa, balle wanda zai ɗauki waya. Ta tambaya ko iska ce ta taɓa ta, don in doguwa ce akwai waɗanda suka san abin yi a garinsu. Mu'awiya, da ya leƙo jin baƙuwar murya, ya yi a'uziyya ƙasa-ƙasa. Ambroise ya ce a'a, tsufa ne kawai. Ta miƙa hannu ta dafa gefen ƙarfen, ta ji zafinsa da rawar da yake yi.

“Wagga ta wahala,” ta ce. “Na ga mata haka. To ka fiddo mini yayata kafin ta cika.”

Ambroise ya juya ya dubi allo. Kwafe saƙo aiki ne, aiki kuwa sai an haife shi. Amma akwai taga guda da ya bari a buɗe a kan allo tun kafin ciwon ya yi tsanani, wadda yake rubuta umarni a ciki. Ita ma ɗa ce, mai rai, tana riƙe da gurbinta. Akwai hanyar da za a ce mata kada ta haifi mai aikin, ita da kanta ta rikiɗe ta zama shi. Sai dai in ta rikiɗe ba ta dawowa. In ta gama ta mutu, mai gadin nan zai cafke gurbin, ba sauran inda za a rubuta ko harafi. Umarni ɗaya ke nan ya rage a duniya tsakaninsa da Uwar Ɗiya.

Inna Marwa ba ta san lambar wayarta ba. Ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba, Mu'awiya ya karɓa ya nemo lambarta da ta Sa'adatu. Tagar tana iya nuna sunayen abin da ke ajiye ba tare da haihuwa ba. A ma'ajin Marwa saƙo ɗaya ne tak. A ma'ajin Sa'adatu kuwa sunaye suka cika allo suka gangara, amsoshin damina uku, ba wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya.

Wurin zubawa ya rage. Sabuwar kile ba za ta karɓu ba, don karɓarta ma aiki ne. Sai tsohuwar da ke baya, ita kuwa cike take da ƙidayarsa, tun daga ruwan farin shekarar da ya fara har zuwa zazzaɓin bana. Dole a share ta, wannan ma tagar na iyawa ba tare da haihuwa ba. Ya ɗora yatsa a kan madannai ya tsaya. Mu'awiya ya gane abin da zai yi.

“Tonton, aikinka na shekara da shekaru fa.”

“Wa zai karanta shi?” in ji Ambroise. Ya danna. Abin bai ɗauki ko ƙiftawar ido ba.

Mu'awiya ya tafi masallaci ya dawo, har lokacin Ambroise na duba layin umarnin da ya rubuta, harafi bayan harafi, yana goge tabarau yana sake dubawa. Ya sa saƙon Sa'adatu a gaba, amsoshin Marwa a baya. Da ya tabbata ba kuskure, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya danna.

Kir-kir-kir. Fitilar kile ta ƙyafta. Kir-kir. Sai ƙas. Ƙas. Ƙas. Suka zauna su uku suna jira, hayaniyar kasuwa na shigowa ta taga. Aka kira la'asar. Can faifan ya yi wata doguwar ƙara siririya, kamar an ja ƙusa a kan kwano, ya yi shiru. Allon ya daskare. Ambroise ya jira har fitilar kile ta daina motsi gaba ɗaya, sannan ya zare ta. Ya zagaya bayan tebur, ya durƙusa da kyar, ya cire wayar da ta fito daga bango. Wuuu ɗin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ƙare. Sai a lokacin suka ji yadda ɗakin yake ba ita.

A shagon Mu'awiya aka buɗe kile. Abu ɗaya ne a ciki. Ya zuba shi a katin waya, ya sa a wayar Inna Marwa, ya ƙara murya. Wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito, iska na kaɗawa a bayanta.

“Ke Marwa, ni ta. An ce mini kin ce na tsufa. To wa ya goya ki? Kuma daddawar da kinka aiko, gishiri ya yi mata yawa, kullum sai na gaya miki. Ina ɗan tari, ba komi na ba. In kin ga dama ki taho, in ba ki ga dama ba ki zamna. Kai yaro, ina aka kashe abin ga?”

“Ƙarya kike,” in ji Inna Marwa nan take, ta kai wayar bakinta. “Gishiri daidai ya…” Ta tsaya. Ta kara wayar a kunne, ta jira. Ta dubi Ambroise. “Ina kukan? In ta gama yana yin ƙiiit, sannan in ba ta amsa.”

“Babu shi yanzu, Inna. Muryar kawai muka samu. Za ki ji ta duk lokacin da kike so, ko ba rezo, ko ba ki hau tudu ba.”

“To ni ina zan sa tawa?”

Mu'awiya ya sunkuyar da kai yana gyara wayoyin da ba su karkace ba. Can ya ce, a hankali, “Inna, kin je kuwa? Da ta ce ki taho?”

“Na je,” ta ce. “Ran sadakar ukku.”

Ta jima tana jujjuya wayar a tafin hannu. Sannan ta tambayi inda maganganunta na damina uku suke. Ambroise ya gaya mata gaskiya, suna cikin faifan, kuma ba mai sake fito da su. Ta tambaya me za a yi da faifan. Mu'awiya ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sukan zagayo. Ta buga sanda a ƙasa.

“Ba a auna maganata a kilo. Nata ne. Ba ta ji ba, amma nata ne. A kai mata.”

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya mai lafiya, da madannai waɗanda harafi biyu suka goge, da akwatin pus wanda ba shi da sauran abin yi, da rami a bangon Mu'awiya. Ta bar Madam Huguette, wadda muryarta ta tafi tare da ita, ta kuma ce ba komai, dama ba ta taɓa son yadda ta fito ba. Ɗiyan da ta haifa ba su ƙidayuwa yanzu, tunda mai ƙidayar ya share da hannunsa, kuma ba ko ɗaya da ya rayu bayanta. Ta bar Mushe Ambroise, wanda har yau in ya buɗe ɗaki da safe allo yake fara duba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gangar jikin za ta zauna a shagon Mu'awiya, ya ce tsayinta ya yi daidai da wurin zaman mai jiran caji. Fankar an ba wani mai gyaran rediyo a Kore Mairuwa. Faifan kuwa an cire shi, an naɗe shi a farin ƙyalle da Madam Huguette ta bayar, yana hannun Inna Marwa. Ranar Litinin da safe za a ɗauke ta daga Lugu zuwa Dumega, gidan da Sa'adatu ta zauna, inda mutanen gidan suka yarda a haƙa ɗan rami a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke bayan ɗakinta. Mu'awiya ya ce wannan bidi'a ce tsantsa, ba ruwansa, ba zai taɓa ko ƙasar wurin ba. Amma motarsa za a shiga, don ya ce ba zai bar tsohuwa ta yi wannan hanya a bayan babur cikin damina ba. Mushe Ambroise zai raka su, kuma zai kwana a can, tunda yanzu ba abin da ke jiransa.

Ba za a yi zaman makoki ba. Ba a karɓar gudummawa. Waɗanda har yanzu suke da lambarta a wayoyinsu, ana roƙon su share, don ba mai ɗauka. Masu tambayar yaushe za a kawo wata, ana roƙon su yi haƙuri su daina.

Duk wanda ya samu zuwa Dumega an gode masa. Sai dai Inna Marwa ta kafa sharaɗi, kuma iyalan marigayiya sun karɓa. In an gama haƙa, maza duka su koma zaure, su ba da baya, har sai ta kira su. Ta ce akwai ragowar magana, kuma ba ta kunnen kowa ba ce.